Muryar Inna Tana Hanya

Tun da aka kafa Rumbu, ma'ajiyar muryoyin mamata, kowa ya san ƙa'idarsa: muryar da ake yawan nema a gida, kusa da gidan ake ajiye ta, wadda aka daina nema kuwa sai a tura ta nesa.

Ranar Juma'a Barira ta zo daga ƙauye, ta sauka gidan ƙanenta Sahabi. Da suka ci abinci sai ta dubi na'urar da ke jikin bango.

"Kira mana Inna mu ji muryarta."

"Yaya, ki huta tukuna."

"Kira ta dai."

Ya kira. A gidan nan, farashin siminti da sakamakon ƙwallo kafin ya rufe baki suke fitowa. Yau shiru, sai 'yar fitila da ke ta juyawa. Sahabi ya gyara hula, ya goge na'urar da hannun riga.

"Matsalar sabis ce."

Barira ba ta dube shi ba. "Ni a ɗakina, ina cewa Inna take amsawa."

Ya miƙa hannu zai kashe, ta riƙe shi.

"Ƙyale ta, tana hanya. Ba ta saba zuwa gidanka ba ne."