Gida Na Bin 'Ya Mace

Kwana uku da binne matarsa, tsohon ya zuba wa wanta shayi a ɗakin haya na unguwar Madain Fahd, a Jidda.

"Ni da kake gani, da ƙafa na zo ƙasar nan. Na ga yunwa, na ga mugun kafili mai riƙe da takardun zamana, katafila ta kwantar da gidana a unguwar Karantina ban ko yi tari ba. Yanzu mai ɗaki ya ba ni wata guda in tashi, shi ke nan. Marigayiya kullum zancenta gidanku na Sumatra. A fitar mini da rubu'ina na gado a ciki, in sami inda zan mutu."

Surukin, wanda rabonsa da ita shekara arba'in, ya sunkuyar da kai.

"Ya Hajji, abin da ta tara da hannunta a raba yadda Allah ya ce. Amma a wurinmu ƙabilar Minang, gidan kaka kamar waƙafi yake. Ba a sayarwa, ba a rabawa, daga uwa sai 'ya mace. In ta bar 'ya, ɗakinta na nan, ta zo da ubanta. 'Ya'yanta mata nawa?"

Hannun tsohon ya tashi da kansa, yatsu biyar a ware, yadda ya shekara talatin yana cika baki a majalisa: biyar, duk maza, gidansa ba a haihuwar mace.

Fuskar surukin ta washe.

"Masha Allah, har biyar? Ai ka tsira, Hajji."

Tsohon ya kasa sauke hannun.