Hoton Da Tukur Ya Hana

Mero, mai saƙar faifai a Likoro, ta fara wayar gari yatsunta a sage, ko buta ba ta iya ɗauka sai hantsi ya dubi ludayi. Da ƙyar mijinta Tukur, dillalin hatsi a kasuwar Hunkuyi, ya kai ta asibiti. Aka yi hoton ƙashi, bai nuna komai ba.

Likita ta ce kada su saki jiki. Tana zargin amosanin gaɓɓai ne, irin mai cin gaɓa a ɓoye, wanda hoton ƙashi ba ya kamawa da wuri. Su je Zariya a yi wa yatsun sikanin, wato hoton na'ura mai nuna kumburin cikin jiki, in an ga kumburin yanzu magani zai tare shi.

Tukur ya yi tsalle ya dire. Wai sikanin na masu ciki ne, ba za a ji a kasuwa matarsa mai jikoki tana bin layin awo ba. Ku ji jahilci! Mero ta roƙa, ta yi kuka, ta turo yayanta, amma gogan ya ce ai hoto ya wanke ta, son jiki ne kawai. Ƙarshe wanzami ya kira aka yi mata ƙaho.

Ciwo kuwa bai jira kowa ba. Kafin 'yan shekaru yatsun sun karkace, saƙa ta tsaya, zani ma sai an ɗaura mata. Ranar da ɗanta ya mayar da ita asibiti, hoton ƙashin ya nuna komai, sai dai gaɓoɓin sun riga sun cinye. Mero ta ƙullaci Tukur, tana jiran rana.

Bana Tukur ya samu kujerar Makka. Ya tara dangi a tsakar gida yana neman gafara, ya juyo gare ta yana murmushi.

"Mero, in na taɓa saɓa miki, ki yafe."

Ta zaro hannuwanta daga mayafi, ta kai su dab da fuskarsa.

"Malam, miƙe mini yatsa guda ɗaya tukuna."

Sannan ta ƙara da cewa:

"Ban yafe ba. Je ka ɗaga naka masu lafiya a Arfa, ni ma zan ɗaga waɗannan a nan."

Jama'a, in gaɓoɓi na sagewa da safe, a yi hoton da likita ya ce tun da wuri. Sikanin ba na masu ciki kaɗai ba ne, kuma wanda ya hana wani magani ya ɗauki hakkinsa.