Jirin Umara Mai Fito

Jirin ya fara kama Umara ne a tsakar gidansa, yana tsugune da buta zai yi alwalar la'asar. Ƙasa ta ɗaga, ta sauka, ta karkata hagu. Ya dafa turmi, turmin ma ya tafi da shi.

A ranar ya dawo gida. Shekarar da sojoji suka komo daga ƙasar Bama bayan yaƙin duniya na biyu, kogin Haɗejiya ya yi ambaliyar da tsofaffi ba su taɓa ganin irinta ba, Umara kuwa shi ne mai fiton garinsu, gadon ubansa. Kwana ashirin da uku yana kwashe mutane da awaki da dammunan gero daga ƙauyukan wajen Baturiya. A jirgi yake ci, a jirgi yake salla, a nan yake rintsawa. Duk wannan ko mura bai yi ba, sai da ya iso gida lafiya sannan ya zube kusa da turmi, abin da ya fi komai ƙona masa rai ke nan.

Matarsa 'Yar'azumi ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ɗauke gorar tuƙinsa ta kai gidan yayarta ta ɓoye.

"Maigida, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne," in ji ta. "Mai faɗuwa a tsakar gida, in ya faɗa tsakiyar kogi fa? Ba ka sake taka jirgi sai ka warke."

Aka shiga neman magani. Wanzami ya ce jini ne ya yi yawa, ya kafa masa ƙaho huɗu a ƙeya. Wata tsohuwa ta ce mutanen ruwa ne suka biyo shi, kada ma ya yarda ya hangi kogi, aka turara masa hayaƙi har idonsa ya yi ja. Ya sha saiwa mai ɗaci ta kwana bakwai. Jiri dai yana nan, ko a kwance yake tabarma lilo take yi da shi.

Aka ɗora shi a jaki zuwa wurin wani malami a wani ƙauye can nesa da kogi. Tun a hanya ya ji kansa ya washe, ya ce albarkar malamin ce ta taro shi. Ya sha rubutu, ya juyo yana ta sa albarka, har yana tsokanar mai jan jakin. Yana saukowa a ƙofar gida bangon zaure ya sunkuyo masa. Umara ya ce shi bai taɓa ganin rubutun da ƙarfinsa ke ƙarewa a bakin zaure ba.

Jirginsa kuwa yana hannun Shu'ibu, wanda dagaci ya ba riƙon ƙwarya, mutumin da ke riƙe gora kamar taɓarya. Da aka cika kwana arba'in dagaci ya aiko: gari ba ya zama ba mai fito tsayayye, in Juma'a ta wuce Umara bai koma ruwa ba, fito ya zama na Shu'ibu har abada. Umara ya juya fuska bango, ranar ko fura bai sha ba.

Ranar kasuwa Malam Garba, malamin asibitin En'e, ya zo gari da kekensa. 'Yar'azumi ta tsare shi sai da ya shigo. Ya ja fatar idon Umara, ya leƙa kunne, ya riƙe wuyan hannu.

"Kai yana sara? Harshe ya yi nauyi? Hannu ko ƙafa sun taɓa mutuwa? Ƙirji fa?"

"Ko ɗaya, Malam. Ƙasa ce kawai ta ƙi tsayawa."

"Da da ɗaya a cikinsu, kwana arba'in ɗin nan ba a kan tabarma zan same ka ba. Jirin da ya zo farat ɗaya ya ƙi tafiya ba a zama da shi a gida. Ni ban ga komai ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Gobe ku je Haɗejiya likita ya duba ka."

Haɗejiya kuwa tana hayin kogi. 'Yar'azumi ta yi ta kai da kawo, daga baya ta yarda, da sharaɗin a kwance zai haye.

Da hantsi aka shimfiɗa shi a cikin jirginsa kamar buhun gyaɗa, ta zauna ta damƙe gefen rigarsa. Ya runtse ido don kada ya ga Shu'ibu a wurinsa. Amma kunne ba ya runtsuwa. Daga ƙarar ruwa a jikin katako ya gane sun nufi gurbin nan na ƙasan tsamiya, inda ruwa ke juyawa ya kifar da jirgi.

"Dama, Shu'ibu!"

Shu'ibu ya soka gora hagu. Jirgi ya fara juya gindi, mata suka ɗauki salati.

Umara bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya fizge riga, ya taka kan kayan mutane, ya warce gora. Suka uku ya yi, jirgi ya fita daga gurbi ya miƙe sak.

Sai ya lura 'Yar'azumi ta bar ihu, ta saki baki tana kallon ƙafafunsa. Yana tsaye a kan bakin jirgi, wurin da bai fi tafin hannu ba, igiyar ruwa na ɗaga shi tana saukewa, ko gezau. Ya dubi tsamiya, tana nan tsaye kyam. Ya dubi gaɓa, ba ta motsi.

Kwana arba'in tana tsare shi a tudu don kada ruwa ya cinye shi, ashe tudun ne ciwon, maganin kuwa, gorar da zai koma ruwa da ita, ita ta ɓoye ta a gidan yayarta.