Takalman Kaka

Wata la'asar na biyo Kaka ta bakin tur'a, magudanar ruwan da ke shayar da gonakin auduga, muka ratsa kurmin bagaruwa. Ƙafarsa ba takalmi, ga sababbi na fata rataye a wuyansa. Ƙaya ta soke shi, ya zauna yana cirewa, jini na ɗiga.

Na ce, "Kaka, ka sa takalmanka mana!"

Ya harare ni. "Waɗanga na hanyar Makka ne. Zango muka yada a nan Jazira. Bana in an cire auduga za mu wuce."

Tun ba a haifi babana ba yake faɗin haka. Da ya rasu bayan shekaru, a bayan kurmin nan muka binne shi. Takalman suna wurina, fatar ta bushe, ba su taɓa taka ƙasa ba. Ni ma ina nan Jazira, gwiwoyina sun fara ciwon tsufa.