Jadawalin Mako Goma Sha Biyu

Ta dire ƙarfen da take ɗagawa, ta karɓi takardar da kocinta ya miƙo yana kallon ƙasa. Jadawali ne irin wanda yake tsara wa masu motsa jiki: makon farko, gaisawa da yayanta, na sha biyu, zuwa wajen babanta.

"Neman auren nawa ka yanka gunduwa-gunduwa?"

Ya sosa ƙeya. "Ai ba a farawa da mai nauyi, sai jiki ya saba."

Ta ja tsaki. Ciwon gwiwar da ya kawo ta wurin motsa jikin nan ya warke tun bara. Me yake zaton take dawowa yi?

Ta fizge bironsa, ta soke makonni sha ɗayan farko.

"Shekara guda kana ɗumama jiki, Koci. Baba na gida yau da yamma."