Wa Ke Cinye Cikin Tabilet?

Saƙon ya sake fitowa a allon tabilet a karo na ba adadi: babu sauran waje. Baba ya ɗaga tabarau, ya sauke, ya ƙara dannawa. Bidiyon jikansa na fari, wanda babbar 'yarsa ta turo daga garin da take aure, ya tsaya cak yana juya ɗan zobe. Yaro ya fara tafiya, duk dangi sun gani, ban da kakan da aka sa wa yaron sunansa.

Tabilet ɗin na gida ne, kowa da lokacinsa. Baba kuwa tsohon hedimasta ne, ya bar makaranta amma makaranta ba ta bar shi ba. Ya tara mutanen gidan a falo, ya goya hannu a baya, ya yi gyaran murya sau biyu kamar yadda ya saba.

"Duk wanda na kama yana cinye min cikin na'urar nan," in ji shi, yana jan kowace kalma, "shi ne mai wanke-wanken gidan nan har wata ya mutu. Ba sani, ba sabo."

Jawabin ya fito sumul, ko gargada babu. Jawaban Baba dama haka suke, kamar an goge su da dutsen guga.

Zargi ya fara sauka kan Auta. Tun ranar da ta fasa madubin ɗakinsa, tana cikin kwaikwayon tafiyarsa da sandar shara a hammata, sunanta ke gaba a kowane laifi. Aka goge hotunanta na murguɗa baki. Aka juya kan yayanta, Sarkin Ƙwallo, aka share masa bidiyon ƙwallayen da ya tara, yana kallo kamar ana rushe masa gida. Mama da kanta ta sallama hotunan ɗinkunan da take nuna wa tela, tana cewa, "A kai kasuwa, in dai za a bar mu mu sha ruwa."

Waje ya ɗan samu, amma bai isa ba. Washegari ma ya ragu.

Baba ya ɗauki abin da zafi. Kullum da safe sai ya shige ɗaki da tabilet ɗin ya turo ƙofa. Can sai ya fito, gashin baki a daidaice, hula a karye yadda ta dace, ya sanar da gida: "An sake ci." Shi dai zuciyarsa fes. Abu biyu kacal yake dannawa a duk na'urar, bai taɓa ƙarawa ba.

Da ya leƙa inda ake nuna abin da ya cika ciki, hotuna 'yan kaɗan ne, waƙa babu ko ɗaya. Wani dogon layi ne mai launin toka ya mamaye kusan komai, an rubuta masa sistem. Layin nan ƙiba yake yi kullum, kamar ragon da ake turkawa.

"Wato har ɓoyo aka koya," in ji Baba. "To, rana dubu ta ɓarawo."

Ranar Asabar ya tasa su gaba, su duka uku, zuwa shagon mai gyaran waya. Shago ne ɗan tsukuku, wayoyi a farke bisa tebur, fanka na ta ƙugi ba iska. Mai gyara ya jona tabilet ɗin da kwamfutarsa, ya shiga folda cikin folda, irin waɗanda ba a gani sai an tona.

"Yawwa, ga shi. Wata manhaja ce ke tara bidiyo a nan cikin foldar sistem, shi ya sa ba kwa ganinsu a wajen hotuna. Kai, suna da yawa fa."

Baba ya waiwaya ya dubi 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya. Sarkin Ƙwallo ya kau da kai. Auta ta ɓuya bayan Mama.

Mai gyara ya buɗe guda, ya rufe da sauri. Ya sosa ƙeya. Ya yi tari, irin tarin da ba na mura ba.

"Baba, da dai in goge su kawai, ku sauke bidiyon jikanku ku tafi."

"A'a."

"Ko kuma su ɗan jira a waje, ku gani ku kaɗai."

"Ɗana, shekara da shekaru ina horon yara, ban taɓa rufa wa mai laifi asiri ba. Juyo da shi kowa ya gani. Ƙara sauti."

Mai gyara ya ce, "To, ku kuka ce." Ya juyo da allon, ya koma gefe yana cizon leɓe.

Wani jan ɗigo ne ya fara bayyana a kusurwa yana ƙiftawa, wanda Baba ke dannawa kowace safiya don kada manhajar madubi, da yake duba fuska da ita tun da aka fasa masa madubi, ta yi duhu, ashe na ɗaukar bidiyo ne. A ƙarƙashinsa kuwa ga tsohon hedimasta da singileti, ba hula, almakashi a hannu, ya yi gyaran murya sau biyu, ya ɗaure fuska, ya sake ta, ya ƙara ɗaurewa, yana gwaji: "Duk wanda na kama, shi ne mai wanke-wanke... a'a, bari in ƙara ja... duuuk wanda na kama."