Takardun Mai Dako

Jika Sharafaddeen ya sauke katako na ƙarshe daga tirela, ya shafa kafaɗarsa da ta yi kanta, ya nufi rumfar Oga. Shekara goma sha huɗu ke nan yana dako a wannan shago na kasuwar Katako. Sauran leburorin duk 'yan ci-rani ne da suka tsallako iyaka ba ko guntuwar takarda. Shi kaɗai ne haifaffen Jos. A Naraguta aka binne cibiyarsa, inda kakansa ya haƙi kuza.

"Oga, takarduna nake so. Zan je in yi katin ɗan ƙasa, an ce in ba shi za a rufe mini layin waya."

Ranar da ya kama aiki Oga ya karɓi takardar haihuwarsa da ta firamare, wai ajiya, kada gumi ya cinye su. Oga sa'ansa ne, ba ya son yawan magana. Kowa Oga yake ce masa, shi kuwa bai taɓa kiran Jika da suna ba, sai "kai dattijo".

Oga ya daɗe yana kallonsa. "Jibi," in ji shi.

Bayan kwana biyu, da hantsi, mota mai keji ta tsaya a bakin shago, jami'ai masu farautar baƙin haure suka diro. 'Yan ci-rani suka watse, aka bi su aka tsinto ɗaya bayan ɗaya. Jika bai motsa ba, har sannu da zuwa ya yi musu.

"Takarda," in ji babbansu.

"Ranka ya daɗe, ni ɗan garin nan ne. Tana wurin Oga."

Jami'in ya juya tafin hannun Jika, ya janye wuyan rigarsa ya leƙa kafaɗar. "Ku ji tsoho da ƙarya. Yaranmu gara su wuni da yunwa da su ɗauki katako a kan abin da bai kai kwanon masara ba. Wannan kafaɗa ba ta nan ba ce."

Oga ya fito riƙe da ambulan. Jika ya sauke ajiyar zuciya.

"Duk tare suka zo," in ji Oga. "Ni ma ruɗina suka yi, shi ya sa na kira ku."

Aka cusa Jika cikin keji. Ya faɗi unguwarsu, ya faɗi makabartar da iyayensa suke, ya roƙi a sanar da 'yarsa Ummusalma. Kulki ya rufe masa baki. Wani ya ce motar ba ta tsayawa sai bakin iyaka.

Kafin a tashi, babban jami'in ya nemi shaidar wanda ya kawo rahoto. Oga ya zaro katin ɗan ƙasa mai hotonsa shi Oga daga ambulan, ya miƙa. Ta tsakanin ƙarafa Jika ya ji ana karantawa:

"Jika Sharafaddeen, haifaffen Naraguta. Madalla da ɗan ƙasa na gari."